Ƙofar Gidanmu Ta Ƙi Fita Daga Google

Assalamu alaikum Malama Bushira. Ina fatan kina lafiya, da iyali da abokan aiki. Don girman Allah ki duba wannan saƙo nawa da wuri, domin yau kwana shida ke nan ba ni da natsuwa, kuma babu wanda zan kai wa maganar a garin nan ba tare da ta zagaya ba. Ban taɓa zaton zan rubuto wa filinki ba. Na sha karanta wasiƙun mata ina cewa a raina, da sun tsaya kan tarbiyyar 'ya'yansu da abin bai kai su haka ba. To yau ga ni.

Ni mazauniyar Batsari ce, shekaruna hamsin da biyu. Na yi sakandare har na gama, a zamanin da ba kowace mace ake bari ta gama ba, don haka ba marar sani ce ke rubuto miki ba. Maigidana ya rasu shekara biyar da suka wuce. Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wanda mu nan muke ce wa ƙarago. Daga ƙauyen Karare ake kawo mini gyaɗar, mu soya, mu kai inji, mu dawo mu matse mai, mu murza ƙaragon. Ban taɓa haɗa maina da wani mai ba, ko a shekarar da gyaɗa ta fi tsada. Mata bakwai ke aiki a gidana, huɗu daga cikinsu sun baro ƙauyukansu ne saboda halin da ake ciki, wanda ba sai na yi miki bayani ba. Kin dai san a yankinmu yanzu mai shanu ya daina faɗin yawan shanunsa ko ga ɗan'uwansa.

Matsalar tawa da ɗiyata ta fari ce. Ba na kiran sunanta, don haka zan ce mata Maijidda, wanda ba nata ba ne. Shekarunta ashirin da huɗu. Ta yi difloma a Katsina, ta ƙara da wani kwas na tallan intanet. Bara ta dawo gida ta ce mini man da ake sayarwa a shagunan birni bai kama ƙafar namu ba, in bari ta gwada abin da ta koyo. Na yarda, bisa sharaɗin ba za ta saka fuskarta ba, kuma ba zan ga tana rawar kai a gaban waya kamar yadda 'yan matan yanzu ke yi da sunan sana'a ba. Ta kiyaye wannan, ba zan zalunce ta ba.

Ta buɗe mana shafi, ta yi ta rubuce-rubuce a ciki: yadda ake gane man gyaɗa zalla, yadda ake adana ƙuli-ƙuli kada ya yi laushi, da ire-irensu. Wai don idan mutum ya rubuta abin da yake nema a Google, namu ya fito masa a sama. Ta kuma saka wani talla na biya, wanda ta ce sai an danna shi ake cirar kuɗi. Ban gane duka ba, amma na ga amfani. Mata daga Katsina da Kaduna har Abuja suka fara saye, ita kuma ta kai tasha ta ba direba. Da mata uku nake aiki a da. Wannan ne ya kai mu bakwai.

Wata biyu da suka wuce aka yi haihuwa a gidan ƙanwata Hansai a Safana. Ana gobe suna na ce bari in duba abin nan a wayata, in samu abin nuna wa dangi. Na rubuta yadda ta koya mini, ban ga tallan ba. Da na lalubo shafin, babu sunana, babu gidana, babu lambata. Sunan sana'a kawai, da Jihar Katsina, da lambar wani sabon layi da ta saya. Na kira ta na tambaye ta. Ta ce da gangan ta hana tallan fitowa a Batsari da Safana da kewaye, wai mutanen nan sun riga sun san gidan, ba su buƙatar talla, kuma zamanin ba na nuna ƙofa ba ne.

Malama, raina ya ɓaci. Mahaifina shekara arba'in ya yi yana awon hatsi a kasuwa, fuskarsa a buɗe, rumfarsa kowa ya san ta. A yadda aka rene mu, mai algus ne ke ɓoye inda yake, don kada a dawo masa da kaya. Ni da na tsare amana duk shekarun nan, a sayar da maina kamar kayan sata? Sannan me zan ce wa mutane idan aka ji budurwa a gidana tana da layin da baƙi ke kira, uwarta ba ta san abin da ake faɗi ba? Na ce ta saka sunana, ta saka lambata, ta saka gidan a taswira da hoton ƙofa, ta kuma buɗe tallan kowa ya gani. Ta yi ta roƙona wai Mama ki bari, Mama ki yi tunani. Na tuna mata wa ya haifi wani. Kafin mu kama hanyar Safana ta yi duk abin da na ce.

A wajen suna wayata ta yi ta yawo hannu zuwa hannu, har da guɗa. Wata ɗiyar Hansai ta nuna mana akwai wurin da ake rubuta yabo a ba da taurari. Ni da bakina na ce duk mai ƙaunata ta rubuta, wannan ita ce gudummawarta. Sun kai talatin da suka rubuta, a ranar da kuma bayanta. Waɗanda suka zo mini ziyara daga baya suka ɗauki hoto a tsakar gida, ga jarkoki a jere, suka haɗa da yabon. Wata ta rubuta cewa man Hajiya mota guda ake lodawa duk Asabar zuwa Abuja, alhali rabin bayan mota ma ba ya cikawa. Wata kuma ta kwatanta gidan tun daga bakin titi, don kada mai saye ya ɓata. Kara suka yi mini, na sani.

Ranar Talatar da ta wuce, bayan azahar, muna tsakiyar suya, wani mutum ya kira ni. Ya gaishe ni da ladabi, ya kira ni da sunana, ya ce gidan nan ne mai koriyar ƙofa? Na ce shi ne. Bai tambayi farashi ba. Ya tambayi ƙarfe nawa ake lodi ranar Asabar, ya tambayi ko akwai namijin da zai yi magana da shi a gidan, sannan ya ce yarinyar da ke kai kaya tasha, ɗiyata ce, kuma nan take zaune? A nan na kashe wayar. Washegari da hantsi wasu mutum biyu a kan babur suka tsaya a ƙofar gidan. Ɗaya daga cikin matan da ke mini aiki ta gan su ta kafar ƙyaure: na bayan yana duban waya, yana duban ƙofa. Ba su yi sallama ba, suka wuce. Tun ranar ita da wata ba su ƙara zuwa aiki ba. Sun ce irin wannan tsayuwa suka taɓa gani kafin su baro ƙauyensu.

Nan take na ce wa Maijidda ta rufe komai. Ta danna abin da za ta danna ta ce ta tsayar da tallan, sauran kuma tana kai. Na sa aka shafe ƙofar da baƙin fenti a ranar. Da gari ya waye na duba wayata. Malama, ga sunana, ga lambata, ga koriyar ƙofa, ga jarkoki, a sama kamar ba a taɓa ba. Ta ce wai wannan ba tallan ba ne, wai shi ba biya ake yi ba, wai wasu abubuwan ba ita ta saka ba kuma ba ta da ikon cire su. Ta yaya abin da ka daina biya zai ci gaba da yi maka aiki? Wane ne ke aikin banza a duniyar nan? Na ce mata ƙarya take, daɗin ciniki ya sa ta fifita masu saye a kan ran uwarta. A gaban matan da suka rage na faɗa. Na karɓe kwamfutarta da wayarta na kulle a adaka, makullin yana ƙulle a bakin zanena yanzu haka. Na kuma ce mata idan wata Juma'a ta zagayo ƙofar nan tana nan a Google, ban yafe mata ba.

Tun daga nan ba ta ce mini uffan ba sai gaisuwa. Abinci sai ta juya cokali ta tashi. Ni ma ba na iya ci. Duk ƙarar babur sai gabana ya faɗi, kuma ba don kaina ba, don ita ce aka tambaya. Ni ban saba lallashin yaro ba, ba a lallashe ni ba kuma ban lalace ba. Amma kalmar nan da na furta tana mini nauyi, ga Juma'a tana matsowa, kuma ɗazu na sake dubawa, ƙofar tana nan.

Ki gaya mini gaskiya, ke da kika san waɗannan abubuwa. Yarinyar nan yaudarata take yi, ko kuwa da gaske akwai abin da ba ya goguwa? Ta yaya zan sa ta bi umarnina? In rufe sana'ar gaba ɗaya in sallami matan nan, ko yaya zan yi?

Daga Uwa Mai Fargaba, Batsari.

AMSA

Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya kwantar miki da hankali, ya tsare ku. Masu karatu su sani cewa na tura wa Hajiya wannan amsa ta waya a ranar da saƙonta ya iso, domin magana ce da ba ta jiran ranar bugawa, kuma na canza wasu bayanai da za su sa a gane gidan.

Hajiya, ɗiyarki ba ƙarya take yi ba. Abubuwa biyu ne ke fito da sana'a a Google, ke kuma kin ɗauke su ɗaya. Na farko shi ne tallan biya. Shi kamar mai shela ne da kika ɗauka haya ya zagaya da sunan kayanki, kina iya ce masa ga garuruwan da zai shiga, ga waɗanda zai tsallake, kuma da kin sallame shi ya yi shiru. Wannan ta tsayar, kuma ya tsaya. Na biyu shi ne wanda kike gani har yanzu: shafin sana'ar, da wurinta a taswira, da yabon mutane. Shi ba haya ba ne. Ya hau sama ne saboda rubutun da ta shekara tana yi, da kuma mutum talatin da suka taru suka ce a nan ake samun mai na gaskiya. Daina biya ba ya taɓa shi ko kaɗan. Sai an shiga an cire abubuwan ɗaya bayan ɗaya.

To da me za a shiga? Da kwamfutar da wayar da ke cikin adakarki. Kin ba ta wa'adi ta goge, sannan kin kulle abin gogewar. Kwanakin nan da ƙofarku ta ƙara yi a idon duniya, makullin da ke bakin zanenki ne ya riƙe ta. Ban faɗi haka don in ƙara miki damuwa ba, tsoro ne ya sa, kuma kowace uwa za ta iya yin haka. Amma kafin ki gama karanta wannan amsa, ki tashi ki buɗe adakar.

Idan kayan suka koma hannunta, a zama ɗaya za ta iya ɓoye adireshin gidan, ta cire sunanki da lambarki, ta sauke hotunan da ita ta saka. Wasu canje-canjen kan ɗauki kwanaki kafin su bayyana ko'ina, don haka idan kin duba washegari kin ga saura, kada ki sake cewa ta yi ƙarya. Yabon da dangi suka rubuta kuwa, da hotunan tsakar gida, gaskiyarta ne, mai sana'a ba ya iya goge abin da wani ya rubuta. Maijidda tana iya kai ƙorafi ga Google ta jira, amma hanya mafi sauri ita ce wadda ta rubuta ta goge da hannunta. Wannan aikinki ne, Hajiya, tunda ke kika roƙe su, kuma ke za su ji wa nauyi. Ki fara da mai maganar lodin Asabar da wadda ta kwatanta gida. Ki kira Hansai ta taya ki bin sauran. Ba sai kin ba kowa labarin babur ba, ki ce dai kin gode da kara, amma saboda yanayi kina so a sauke.

Ban san ko su wane ne suka kira ki ba. Yana yiwuwa dillali ne marar iya magana, yana yiwuwa masu babur wani gidan suke nema. Amma mai saye farashi yake fara tambaya, kuma matan da suka daina zuwa sun fi ni da ke sanin abin da suka gani. Ki ɗauki abin da muhimmanci. Yau ɗin nan ki sanar da mai unguwa da jami'an tsaro, ki ba su lambar da ta kira ki da lokacin kiran, ki kuma sanar da wani babba namiji a dangi wanda ba ya yawo da magana. Kada ki ƙara amsa wa baƙuwar lamba tambaya a kan gida. A daina lodin Asabar, a daina lodi a ƙofar gida, kada kuma Maijidda ta sake kai kaya tasha. Fentin da kika canza dabara ce mai kyau, sai dai wanda ya riga ya zo ya ga wurin ba fenti zai ɓatar da shi ba. Shi ya sa nake ganin idan kuna da 'yan'uwa a Katsina ta je ta ɗan zauna can, ke ma ki yi tunanin bin ta na ɗan lokaci idan masu tsaro suka ba da wannan shawara. Aikinta daga ko'ina tana iya yin sa. Ki tabbata ta fahimci kariya ce, ba kora ba.

Ban ga dalilin rufe sana'a ba. Masu sayenku na Kaduna da Abuja ba su taɓa buƙatar sanin ƙofarku ba, watanni suka yi suna saye ba su san ta ba. Idan ƙura ta lafa, a koma tsarin farko: talla ya fita a birane kawai, a samu shago ko amintaccen mutum a Katsina inda za a riƙa karɓar kaya.

Ƙa'idarki ta cewa mai gaskiya ba ya ɓuya ƙa'ida ce mai kyau, ita ce ma ta sa manki ya yi suna. Amma rumfar mahaifinki a kasuwa take, ba a tsakar gidansa ba, kuma da yamma yana rufewa ya tafi. Abin da mai saye ke da haƙƙi a kai shi ne mai zalla, da awo cikakke, da layin da zai kira a amsa idan kaya ya samu matsala. Ɗakin kwananku ba ya cikin ciniki. Damuwarki kan layin da baƙi ke kira ita ma ba laifi ba ce. Maganinta shi ne wayar sana'a ta zama ta gida, ki duba duk lokacin da kike so. Ita ma Maijidda tana da nata kuskuren. Ya kamata tun farko ta zaunar da ke ta bayyana miki dalilin ɓoye gidan, ba sai kin gano da kanki ana gobe suna ba, kuma da kika matsa, da ta nemi wani babba ya sa baki. Amma ki lura, kin tambaye ni yadda za ki sa ta bi umarninki. Ai bin umarninki ta yi, tana roƙonki tana yi.

Saura kalmar da kika furta. Kin rataya yafiyarki a kan abin da ba ya hannunta gaba ɗaya, kuma kin fi ni sanin nauyin bakin uwa. Kada ki jira Juma'a. A gaban matan nan kika faɗa, a gabansu za ki janye. Na san ɗiyar fari ce, na san kunyar da ke tsakani, ba na ce ki zauna kina lallashi ba, ba sai kin kira sunanta ba ma. Ki kwance makullin ki saka mata a tafin hannu, ki ce kin yafe, ki ce ta yi abin da ta ga ya dace. Sannan ki jawo tabarma ki zauna kusa da ita da wayarki, ita tana cire nata, ke kina kiran dangi.

Allah ya kare ku daga sharrin masu sharri, ya dawo da matan da suka tsorata bakin aikinsu, ya ba yankinku zaman lafiya, ya kuma sanya albarka a cikin wannan yarinya da sana'arku.

Taki, Malama Bushira.